Takardar Mati Mai Ginar Rijiya

Jiya na ji ɗayanku yana cewa rubuta wa mutane takarda ba sana'a ba ce, wai duk wanda ya gama firamare zai iya. Ban tanka masa ba, don bakina da goro a lokacin. Yau na tofar, sai ku matso ku ji. Shekara arba'in da 'yan kai na yi a bakin shingen kan iyaka a Jibiya ina rubuta wa mutane koke da wasiƙa, kuma ina gaya muku jan alƙalamin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wuyar tana wajen sanin abin da mutum yake so, da sanin ƙofar da za a kai kukansa. Na farkon ubangidana ya koya mini. Na biyun kuwa sai da wani bawan Allah ya bar gidansa da geronsa a gona kafin ya shiga kaina.

Ubangidan nawa Malam Barmo ne, tsohon malamin hakimi da ya ajiye aiki ya kafa tebur a gindin wata tsamiya, taku kaɗan daga inda ake tsayar da raƙuma da motoci kafin su tsallaka ƙasar Faransi. Haka muke kiran Nijar a lokacin. Ni kuwa na yi elementare, na taɓa midil shekara biyu a Katsina, ciwon mahaifina ya dawo da ni gida. Na zo wurinsa da Turanci rabin ƙwarya da girman kai cike da buhu. Na ɗauka ranar da na isa zai miƙo mini alƙalami. Reza ya miƙo mini, ya ce in fiƙe fensir. Shekara guda cur aikina ke nan, sai kuma saurare.

Wata rana wata tsohuwa ta zo daga Gangara. Tun hantsi take magana har rana ta take tsaka: ɗanta da ya tafi Kurmi shekara huɗu, matar ɗan da ba ta gaishe ta, akuyar da ta mutu, darnin da iska ta kwantar. Da ta tashi yin salla, Malam Barmo ya juyo ya dube ni.

"Iro, mi take so?"

Na ce, "So take a rubuta ma ɗanta shi aiko a gyara darni."

Ya ce, "Kai dai kunnenka na ado ne. So take ta ji ko yana da rai."

Layi huɗu ya rubuta, ba darni ba akuya a ciki. Da ya karanta mata sai ta ce wallahi abin da ta faɗa ke nan. Tun daga ranar na fara gane cewa mutum yakan zo da magana goma, ɗaya ce ta kawo shi, kuma yawanci ba ita yake fara faɗa ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai tebur mai naɗewa da sai an sa wa ƙafarsa ɗaya tsakuwa. Akwai akwatin ƙarfe da muke ajiye takarda saboda gara. Tawada iri biyu ce, baƙa ta ajami da muke haɗawa da kanmu da ƙaro, da shuɗiya ta kanti ta rubutun boko, wadda in zafi ya yi yawa takan yi kauri a kwalba sai an ɗiga mata ruwa. Ga takardar shan tawada, ga ambulan, ga kan sarki, ga ɗan matashin da mai takarda ke dangwala yatsa. Sai uwar ɗaki, wata tsohuwar tafireta da Malam Barmo ya samo a gwanjo. Harafinta ɗaya ya karye, sai an gama bugawa a bi layi-layi ana cike gurbinsa da hannu, kuma ba a fito da ita sai takardar da za ta je hannun Bature. Doka ta ce marubuci ya sa sunansa a ƙasan duk abin da ya rubuta wa wanda bai iya karatu ba. Ku riƙe wannan da kyau. In takarda ta yi kyau ta mai ita ce, in ta ɓaci taka ce, ga sunanka nan a ƙasa.

Masu zuwa wurinmu kuwa babu irin wanda babu. Buzaye da raƙuman gishiri da kanwa, Fulanin da aka tsare wa shanu sai an yi musu allura, fataken goro, 'yan ci-rani masu aika gaisuwa gida, matan sojoji. Wani zai zo da fushi yana so ka zagi dagaci a rubuce. Aikinka ka cire zagin ka bar maganar, sannan ka karanta masa da muryar da zai ji kamar zagin na nan.

A zamanin da na koyi aikin, hanyar takarda ɗaya ce, kamar tsani. Daga mai unguwa sai dagaci, sai hakimi, sai En'e a Katsina, sai Turawan mulki, Di'o sannan Razdan, sai Kaduna, in ta kama har Ikko, wato Legas. Ko jakinka aka kama a shinge, ko gonarka aka ci, ko takardar tafiya Makka kake nema, a gindin tsanin nan za ka ajiye kukanka, shi zai yi ta hawa har ya iske mai maganinsa. Saboda haka gwanintarmu duk tana wajen buɗe takarda: gaisuwa, da addu'a, da jera sarautu ba tare da ka tsallake ko ɗaya ba. A nan na yi suna. Har daga Farfaru ana zuwa don a ji yadda Iro ke buɗe takarda, ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

Cikin hamsin da huɗu aka sake tsarin mulki, aka ce ƙasa ta zama tarayya. Mun ji a rediyon ƙofar hakimi cewa yanzu kowace jiha da gwamnatinta, ta Arewa tana Kaduna, sannan ga ta tarayya a Ikko. Muka ce Allah ya ba da sa'a, muka koma cin tuwonmu. A lokacin yanar ido ta zaunar da Malam Barmo a gida, tebur ya dawo hannuna.

A ofishin kwastan da ke kallon tsamiyarmu akwai wani akawu mutumin Kalaba, ana ce masa Akawu Bitrus. Mutum ne siriri mai yawan shiru, Hausarsa ta bariki ce, ba ruwanta da mace da namiji. Wata safiya ya tsallako titi da wani ɗan littafi a hannu, ya ajiye mini a tebur.

"Malam Iro, doka ya canza. Ka karanta wannan, zai taimake ka a aikinka."

Na ce, "Akawu, Ikko ina, Jibiya ina? Mu nan hakimi muka sani."

Don kunya na karɓa. Washegari na mayar masa ban ko buɗe ba, har da yi masa godiya. Da gaskiyar masu cewa girman kai rawanin tsiya.

Daga nan muguwar shekarata ta fara. Takardun gona da na aure da na gado suna tafiya lafiya, amma duk wadda ta shafi shinge sai ta yi wata guda ta dawo da ɗan jan rubutu a gefe. Ta wani bafatake da aka riƙe wa kaya ta dawo. Ta wani mai neman fasfo ta dawo. Ni a raina cewa nake akawunan birni ne suka yi lalaci. Mutane kuwa suka fara raɗa cewa alƙalamin Iro ya yi sanyi tunda Malam Barmo ya tashi. Sai in wuni a gindin tsamiya daga ni sai ƙuda, ina kallon waɗanda na saba rubuta wa takarda suna hawa mota zuwa Katsina wurin wasu marubutan. Maimakon in tambayi abin da ya faru, sai na ƙara tsawon gaisuwa.

Cikin daminar shekarar Mati ya zo. Mati mai ginar rijiya ne, dattijo gajere mai faɗin kafaɗa. An haife shi a wani ƙauye wajen Maraɗi, ya tsallako tun yana saurayi, ya zauna a Daddara fiye da shekara talatin. A can ya auri matarsa Tabawa, a can ya haifi 'ya'yansa, a can gonarsa take. Rabin rijiyoyin ƙauyukan nan shi ya gina. Sun yi rikicin iyakar gona da wani maƙwabcinsa, dagaci ya ba Mati gaskiya. Maƙwabcin ya ga ya rasa ta nan, sai ya zaga ya kai ƙara cewa Mati baƙo ne, ɗan ƙasar Faransi, ba shi da takardar zama. Aka aiko wa Mati takarda cewa cikin kwana arba'in ya kawo hujjar da za ta sa a bar shi, in ba haka ba a raka shi bayan shinge.

Ya zauna a kan tabarmata ya miƙo mini takardar da hannu biyu.

"Malam Iro, ni ban san wani gida ba in ba Daddara ba. Can da an ka haihe ni ko kushewar uwata ban iya nunawa. Ga gero ya hwara hidda kai. Ka rubuta mani wadda za a ji."

Na tambaye shi wa ya kawo masa takardar. Ya ce ɗan sanda. Wannan kaɗai ya isa ya farkar da ni, domin 'yan doka su ne na En'e, 'yan sanda kuwa na tarayya ne, kuma ko yaron goye a Jibiya ya san bambancin rigunansu. Ban farka ba. Na zauna na rubuta takardar da ban taɓa rubuta mai kyanta ba, shafi uku. Na haɗa maganar gona da maganar zama a ciki, na jera sarautu tun daga dagaci har sama, na kai ta ƙofar hakimi da hannuna. Da na karanta wa Mati sai da ya share ido. Na ce masa ya je ya kwanta da minshari.

Kwana ashirin da bakwai ta yi ta dawo. Ba wanda ya yi mata laifi a hanya. Kowane tebur ya riƙe ta kwanakin da ya saba, ya miƙa gaba, har ta kai Kaduna. A gefenta aka rubuta layi biyu: maganar gona a kai wa alƙali, maganar zama a ƙasa kuwa ba ta cikin ikon gwamnatin jiha, a nemi ta tarayya. Na karanta sau uku. Kwana goma sha uku suka rage, kuma ga sunana nan a ƙasa. Mati yana zaune yana kallona. Na ce masa sun ce a ƙara rubuta wata takardar. Ban iya gaya masa sauran ba.

Na naɗe tebur na tafi gidan Malam Barmo. Na iske shi a zaure yana jan carbi, na karanta masa komai. Na ɗauka zai zage ni. Sai ya ce, "Ni ma da haka zan rubuta ta, don shi na sani. Amma ni makaho ne a zaure, kai ko kana bakin hanya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wa ya san sabon kiɗan ga?"

Na ce Akawu Bitrus.

"To mi kake yi nan?"

Tsallaka titin nan ya fi mini tafiya Katsina a ƙafa nauyi. Akawu Bitrus bai tuna mini da komai ba, Allah ya saka masa. Ya jira aka tashi daga aiki da la'asar, ya fito da ɗan littafin nan, ya jawo mini benci. Ya buɗe bayan littafin ya nuna mini jeri biyu. Jerin farko na abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kai: iyakar ƙasa, kwastan, shige da fice, fasfo, soja, gidan waya, jirgin ƙasa. Jeri na biyu na waɗanda tarayya da jiha duka za su iya yi wa doka, irin su manyan makarantu da sha'anin ƙwadago, kuma in dokokin biyu suka ci karo ta tarayya ce a sama.

Na ce, "To ina na jiha? Ban ga gona ba, ban ga alƙali ba, ban ga En'e ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Shi ba a rubuta. Duk abin da ba ka gani a nan ba, na jiha ne."

Na juya abin a raina, sai na ce masa wannan ai gandu ne. A gidajenmu akwai gonar gandu ta maigida da kowa ke yi wa aiki, kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa da maigida ba ya sa masa baki. Ya ce in bayyana masa gayauna, na bayyana. Ya ce haka ne, sai dai a nan an rubuta a takarda, kuma in aka yi gardama kotu ce ke raba su. Ashe tsanin da na sani an mai da shi biyu, ni kuma ina ta ɗora kayan mutane a kan wanda ba ya kaiwa inda za su. Kwastan ɗin da nake kallo kullum, taku ashirin daga teburina, Ikko ce zaune a Jibiya.

Kafin magariba na kwafe jerin nan biyu da ajami a bayan wani kwali. Kwalin nan ya ciyar da ni da iyalina shekaru masu yawa. Daga baya mutane suka dawo, har ana cewa a je wurin Iro, shi ya san ƙofa. An sake tsarin mulki sau da dama bayan nan, kuma duk sa'ad da aka sake, kafin in tambayi wa ya hau wa ya sauka, jerin nake fara nema. Duk wannan alherin mutumin Kalaba ne da na raina, kuma har in mutu ina gode masa.

A ranar kuma ya koya mini yadda ake rubuta wa Ikko. Ya ce can ba su san Mati ba, ba su san Daddara ba, gaisuwa kuma ba ta daɗa su da komai. Abu uku suke so: wane ne, tun yaushe, wa ya shaida. Mati kuwa ba shi da takardar haihuwa, ba shi da ta aure, ba shi da komai da aka buga wa hatimi. Muna cikin tunani sai na ce yana da rijiyoyi. Rijiya ba ta tashi daga inda aka gina ta, kuma kowane gari ya san shekarar da ya fara shan ruwanta.

Kwana uku na yi a kan keke cikin taɓo. Na je Daddara, na je Gangara, na je Farfaru. A kowane gari na zauna da dagaci da liman da tsofaffi, ina tambaya ina rubutawa. Ba wanda ya san shekara da lamba. Wannan ya ce rijiyar masallaci an gina ta shekarar da fara ta ci gero, wancan ya ce ta bakin kasuwa ta girmi ɗansa da damina biyu, ga ɗan nan da 'ya'ya uku. Ni ke mayar da su lissafin Bature. Rijiya goma sha ɗaya na samu. Masu iya ajami suka sa hannu, sauran suka dangwala. Wani tsoho a Farfaru ya dangwala ya ce in akwai wuri ya ƙara da ɗaya hannun.

Na dawo na fito da tafireta. Shafi ɗaya na buga, ba kirari ba addu'a, maganar gona ko kalma ɗaya babu, don ita na riga na rubuta mata tata daban zuwa ga alƙali. Na bi layi-layi na cike harafin da ya karye. Akawu Bitrus ya duba ya gyara mini wuri biyu, ya rubuta mini adireshin ofishin da ya dace. Ranar ba motar Katsina, ban kuma iya jiran ranar kasuwa ba. Na sa takardar a cikin riga na hau keke bayan sallar asuba, na isa gidan waya kafin a rufe. Na aika ta da rajista, na kuma buga waya cewa tana tafe, a dakata. Kwana takwas suka rage a lokacin.

Ba su isa ba. Takarda sai ta je Kano, ta hau jirgin ƙasa, ta sauka Ikko, ta jira layinta. Kullum da safe nakan dubi ƙofar kwastan, Akawu Bitrus ya girgiza mini kai daga nesa. Ranar ta talatin da tara Mati ya zo da dagi da igiya da guga a kafaɗa, Tabawa na biye da shi da ƙullin gari. Na ce ya jira gobe, ko Allah zai sa a ji wani abu. Ya ce a'a, ba ya so 'ya'yansa su ga ɗan sanda ya tasa shi gaba. Na rage murya na ce masa hanyoyin daji suna da yawa, kowa na bi, ya tsallaka da safe ya dawo da yamma wa zai sani.

Ya ce, "Maƙwabcina zai sani. Kuma ni ba ɓarawo ba ne da zan shiga gidana ta bayan darni."

Ya wuce ta gaban teburina, ya wuce shinge, bai waiwaya ba. Tabawa ta tsaya har ya ɓace, sannan ta juyo ta ce mini, "Malam, sannu da ƙoƙari." Da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kafinta ko bayanta.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, da hantsi, na ga Akawu Bitrus ya tsallako titi da sauri, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Amsa ta zo. Layi biyar ce. An duba shaidun, an gamsu, an janye takardar farko, Mati na Daddara yana da izinin zama. Na bar masa tebur ya sa mini ido a kai, na aika wa Tabawa, na hau keke na tsallaka. A duwan, wato kwastan ɗin Faransi, suka tambaye ni ina za ni, na ce neman mai ginar rijiya. Ɗayansu ya nuna mini hanyar wani ƙauye gabas da titin Maraɗi, ya ce an ce wani ya fara yi musu aiki can.

Da azahar na isa. Na tarar da tsibin jar ƙasa a bakin gari da mutum biyu suna jan igiya. Na tambayi Mati, suka nuna mini ƙasa. Na kwanta rub da ciki a bakin ramin na leƙa. Ba na ganin komai sai ɗan farin hularsa can ƙasa, ina jin ƙarar dagi.

Na ce, "Salamu alaikum, Baba Mati."

Dagin ya tsaya. "Wa alaikumus salam. Wane ne?"

"Iro ne."

"Lahiya gida?"

"Lahiya lau. Takarda ta zo daga Ikko."

"To karanta, ina jin ka."

Na karanta masa cikin ramin, ina mayarwa da Hausa layi-layi, muryata na dawo mini. Da na gama na kasa kunne. Can sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Sake karanta wurin da sun ka ce Daddara."

Na sake. Sannan na ce ya hau mu tafi, zan ɗauke shi a bayan keke, tsuntsaye sun fara sauka a geronsa.

Ya ce, "In tahi in bar mutane da rami? Sun ba ni masauki, sun ba ni hura, ba su tambaye ni takarda ba. Ƙasar ramin ta hwara sanyi, ruwa ya kusa, kwana bakwai ko takwas in Allah ya so. Ka ce ma Tabawa yara su tsare tsuntsu, ina nan tahe."

Maganar da ta yi wata guda a maƙogwarona ta ƙi komawa. Da yake ba na ganin fuskarsa, sai na samu ƙarfin faɗa. Na ce masa takardar farko ni na ɓata ta. An ba ni littafin da zai nuna mini hanya na ƙi buɗewa, na aika kukansa ƙofar da ba ta dace ba. Da na yi daidai tun farko, da bai bar gidansa ko kwana ɗaya ba.

Ya ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun randa ta dawo. Na ga huskarka." Ya yi ɗan tari saboda ƙurar ramin. "Ka gina inda ba ruwa, ka koma ka gina inda akwai. Ni sau nawa na yi haka? Jawo gugan ga, ya cika."

Na tashi na karɓi igiya daga hannun mutanen na ja. Gugan ya fito cike da ƙasa mai danshi. Na juye, na mayar masa, na sake ja, har la'asar ta yi sannan na kama hanyar gida.

Ranar ta tara ya dawo, da rana tsaka, ta bakin shinge, da takardarsa a hannu. Tsuntsaye sun ci abin da suka ci, sauran ya kai rumbu. Ya ƙara shekara goma sha tara a duniya, bai taɓa tayar mini da maganar ba ko da wasa. A Daddara ya rasu, a can muka binne shi, kuma da ruwan rijiyar da ya gina a ƙofar masallaci aka yi masa wanka.